ZAUREN UWARGIDA: Tana Son Koyon Kiɗan Ƙwarya, Maigida Ya Ce Kada A Ji A Zaure

Ina godiya ga duk waɗanda suka rubuto mini, waɗanda kuma ba su ga amsarsu ba su yi haƙuri, wasiƙun ne da yawa, filin kuma kaɗan.

Wannan karon wasiƙa ɗaya tak zan ɗauka, saboda tun ranar da na karanta ta take yi mini yawo a zuciya. Daga garin Liba ta fito, can ƙasar Maiyama ta Jihar Kebbi, maƙwabtan Jega da Aliero masu albasa. Mai wasiƙar ta roƙe ni don Allah in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. A taƙaice ga abin da ta ce. Shekarunta sun haura talatin, 'ya'yanta biyar, maigidanta manomi ne, da rani kuma yana noman albasa yana kaiwa kasuwa. Kakarta ta wajen uwa mai kiɗan ƙwarya ce, amma ta rasu tun ita tana ƙarama, ba wadda ta gaje ta. Yanzu a duk unguwarsu tsohuwa ɗaya ce ta rage da ke yi wa mata kiɗa ranar suna ko wunin biki, ita ma ƙarfi ya fara ƙarewa, har ta ce mata in tana so ta zo ta koya tun ƙasa ba ta rufe mata ido ba. To ita fa tana so, don sha'awa, da kuma don ta sami na sabulu da omo da ɗan abin kai yara makaranta. Ta yi wa maigida magana, da farko ya ce a'a, daga baya ya sauko ya ce ya yarda, amma da sharaɗi guda. Ranar da ya jiyo ƙarar ƙwarya daga zaure, ko wani ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce ana kiɗa a gidansa, to ranar magana ta ƙare. Gidan kuwa babban gida ne, ga uwar miji, ga facaloli biyu, ga kuma bangon ɗakinta a haɗe da na wani malami mai almajirai. Tambayarta biyu ce. Ko mace mai irin shekarunta hannunta zai iya faɗawa? In zai iya, ta yaya za a koyi kiɗa ba a ji kiɗa ba?

Kafin in amsa, bari in ɗan taɓa ki tukuna, tunda ni Bakatsiniya ce, ku kuwa mutanen Kabi kun san abin da ke tsakaninmu. Ashe dai duk cika bakinku sai kun dawo wajen iyayen gidanku neman shawara! To shi ke nan, gyara zama ki saurara, ko albasa ɗaya ba zan karɓa ba.

KIƊA BA BAƘO BA NE A CIKIN GIDA

Abu na farko 'yar uwa, ki daina jin kamar wani baƙon abu kika ɗauko. Ke da kika tashi a ƙasar Hausa, tun kina goye kike shan kiɗa a bayan mahaifiyarki. Mene ne lugude in ba kiɗa ba? Mata uku a kan turmi ɗaya, wannan ta saki taɓarya wannan ta ɗaga, har da tafi a tsakani, ba wadda ke karo da 'yar uwarta. Daɓen ɗakin amarya da waƙa ake yinsa, niƙa a dutse da waƙa, gaɗa a dandali da tafi. Maza suna da nasu kayan kiɗan, kowane da mutanensa, kalangu na mahauta, dundufa na maƙera, gangar noma ta manoma, kotso da taushi na fada, tambari kuwa sai sarki. Mu mata rabonmu shi ne shantu da ƙwarya, kuma duka biyun daga duma suka fito, abin da ke yaɗo a bayan ɗakin kowa.

Ba kuma ƙaramin rabo ba ne. Ki dubi marigayiya Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, tamu ta Funtuwa, wadda Allah Ya yi wa rasuwa a shekarar 2013. Da ƙwarya ta yi suna har ya zaga ƙasar Hausa, kuma waƙarta ta "A Kama Sana'a Mata" ta sa mata da yawa sun tashi tsaye sun daina zaman jiran a ba su. A Kano an yi Hajiya Uwaliya Mai Amada. In kika leƙa Nijar, matan Buzaye turmi suke rufewa da fata ya zama gangar da suke kira tande, sannan su kifa ƙwarya a kan ruwa su riƙa bugawa a gefe. Matan Mali su ma suna kiɗan ruwa irin namu. Marigayi Ali Farka Ture, mutumin Mali da ya rasu a 2006, ya zaga Turai da Amurka da jitarsa, mai ƙwarya na zaune a bayansa yana ba shi kiɗa, har ya ci kyautar Grammy. Ƙwaryar nan dai da muke dama fura a ciki.

KADA KI GA LAIFIN MAIGIDA

Duk da haka ba zan zuga ki ba. Maigidanki ya san garinsu, ya san bakin mutane. A wajen Bahaushe kiɗa gado ne, wanda ya gada ba a ganin laifinsa, wanda ya shiga da rana tsaka kuwa sai a ce ya zama maroƙi. Ko marigayi Mamman Shata sai da ya sha fama da mahaifinsa a Musawa kafin a ƙyale shi, ga shi kuwa daga baya a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Ku kuma ƙasarku ta ga iri-iri. Ta ga makaɗan fada masu daraja irin su Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, ta kuma ga marigayi Gambu mai waƙar ɓarayi, mutumin Fagada, nan kusa da ku cikin ƙasar Maiyama. To dattijon da aka ce masa matar ɗansa za ta fara kiɗa, ba ki san wanne daga ciki zai fara faɗo masa a rai ba.

Saboda haka mutumin da ya ce ya yarda, ko da da sharaɗi ne, wallahi ya yi ƙoƙari, ki gode masa. Sharaɗin nan nasa ki riƙe shi kamar ƙwai. Batun hukunci kuwa ni ba malama ba ce, abin da ya shahara a bakin malamai shi ne an yi wa mata sauƙi su buga duffu a tsakaninsu ranar biki da ranar idi, sauran bayani ki sa maigida ya tambayo miki malamin da kuka amince da shi, hankalin kowa ya kwanta. Masu irin wannan sha'awar da ba su gaya wa mazansu ba kuwa, ina ba ku shawara kada ku fara a ɓoye. Kiɗa ba ya ɓoyuwa, ranar da asiri ya tonu ba ƙwarya kaɗai za ta fashe ba.

GEMU BA YA HANA ILIMI

Sai tambayarki ta farko. Na san za a ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne yaro ya fi saurin ɗauka, amma ki lura da dalili. Yaro ba ya jin kunya in ya yi kuskure, kuma ba shi da tukunya a kan wuta. Babba kuwa ya fi shi kunne, ya fi shi haƙuri, ya kuma san abin da yake nema. Ke shekara talatin kina jin kiɗan nan a gidajen suna, duk yana nan kwance a cikin kanki, aikin da ya rage shi ne a sauko da shi zuwa hannu. Abin da ke kayar da manya guda biyu ne, kunya da gaggawa. Mace ta yi kwana uku ta ga hannun hagu ya ƙi bin na dama, sai ta ce ai ni ba ni da rabo. Haba 'yar uwa! Tuwon farko da kika tuƙa, babu gudaji a ciki?

Ki ware minti 15 zuwa 20 kullum. Wannan ya fi ki yi awa uku ranar Juma'a ki ajiye sai wata Juma'ar, domin hannu da maimaici yake koyo, abin da kika yi yau in kika kwana kika tashi za ki tarar ya ɗan zauna.

DA BAKI AKE FARAWA

Yanzu ga inda za ki ji daɗi. Rabin koyon kiɗa ba ya bukatar ƙwarya ko kaɗan. Kiɗan Hausa magana yake yi, shi ya sa kowane basarake yake da takensa, ana bugawa mutane su gane abin da ganga ke faɗa. Don haka duk kiɗan da tsohuwar nan ta buga miki, ki fara riƙe shi da baki. Bugun babbar ƙwarya ki kira shi "dum", na ƙarama ki kira shi "kas", ki yi ta jera su a ranki kina wanke-wanke, kina shara, kina tankaɗe. Abin da baki bai iya faɗa ba hannu ba zai iya bugawa ba. Wa zai ji ki? Ko facalarki da ke zaune kusa da ke sai dai ta ga kina gyaɗa kai.

Daga baki sai cinya. Ki zauna a kan tabarma ki miƙe ƙafa, ki riƙa buga cinyoyinki da tafin hannu a hankali, dama, hagu, dama, hagu. In akwai agogon bango mai ƙas-ƙas a ɗakinki to kin sami malami kyauta, domin sau 60 yake bugawa a minti ɗaya, ba ya sauri ba ya nawa. Ki fara da bugu ɗaya a kowane ƙas, in ya zauna ki koma biyu, sannan uku, sannan huɗu. Ciwon sabon makaɗi shi ne gudu, yana farawa daidai sai ya yi ta ƙara sauri bai sani ba, 'yan rawa su rasa inda za su sa ƙafa. Agogo ne maganin wannan.

Ga wani darasi da zai buɗe miki kai. Yawancin kiɗan rawar mata za ki ji kamar abu biyu ne ke tafiya tare, ɗaya yana taku uku ɗaya yana taku biyu. Ki ƙirga 1 zuwa 6 ki yi ta maimaitawa. Hannun dama ya sauka a kan 1 da 3 da 5, na hagu ya sauka a kan 1 da 4. Wato a kan 1 tare suke sauka, daga nan sai dama, hagu, dama. In lissafin ya ruɗa ki, ki ce dama tana faɗin "al-ba-sa", hagu tana faɗin "ge-ro", kuma tare za su fara tare za su gama. Ranar farko za ki ji kamar kanki zai rabe biyu, kada ki damu, ki rage sauri har ya zama kamar tafiyar hawainiya. Ranar da wannan ya zauna miki, to kin haye babban gulbi.

YADDA AKE KASHE AMO

Kafin ki ɗauko ƙwarya ki san cewa amonta iri biyu ne, kuma kowane da hanyar da yake bi ya fita. Akwai mai kaifi, wato ƙarar tsinke a kan bayan ƙwarya. Wannan iska yake bi, ta taga da ƙofa da ƙarƙashin rufi, don haka rufe ƙofa da sakin labule mai kauri suna rage shi sosai. Akwai kuma mai kauri, wato "dum" ɗin masaki, musamman in an kifa shi a kan ruwa. Wannan shi ne mugun, don ƙasa yake bi da bango, labule ba ya tare shi. Ba ki lura ba in ana biki a nesa, muryar mawaƙi ba ta iso ki, amma dukan babbar ganga har cikin ƙirjinki? To shi ne zai kai ƙararki wajen malam. Saboda haka kiɗan ruwa da masaki ki yafe su a gida gaba ɗaya, ki bar su sai gidan tsohuwa.

Ga matakan da nake ba ki shawara ki bi, kowane ki ba shi kamar mako biyu ko uku kafin ki wuce gaba.

Na ɗaya, filo. Ki samo 'yan sanduna biyu marasa nauyi, tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, ki ɗora filo a cinya ki yi ta bugawa. Filo ba ya mayar da sanda, ke ce za ki ɗago ta da kanki, wannan kuwa yana ƙarfafa wuyan hannu. Ki riƙe sandar sako-sako kamar kin riƙe ludayi, kada ki damƙe ta kamar muciya. In kika ji kafaɗa ta fara ciwo to da ƙarfi kike yi, ki tsaya ki saki jiki. Kiɗa a wuyan hannu yake.

Na biyu, tsohon silifas. Kada ki yi dariya. Makaɗan Turai ma da ke zaune a gidajen bene suna da irin matsalarki, shi ya sa suke da wani faifan roba da suke koyo a kansa, har kamfanin Roland na Japan ya fito da gangunan lantarki masu fuskar raga a 1997, mai bugawa kaɗai ke jin amonsu ta abin sawa a kunne. Mu namu mai sauƙi ne. Ki cire igiyar silifas, ki wanke shi, ki ɗora a kan 'yar katako, katakon kuma a kan filo. Robar tana mayar da sanda kusan yadda ƙwarya ke yi, amma ƙararta ba ta wuce bakin gado ba. In kika jera guda uku kin sami ƙwarya uku, sai ki koyi zagayawa a tsakaninsu.

Na uku, ƙwarya mai ciki. Ki nemi tsofaffin ƙoren da suka tsage, waɗanda ko gyartai ya gaji da ɗinkinsu, ki cusa musu tsumma ko tsohon zane har su cika tam, sannan ki kifa su a kan gammo, gammon kuma a kan bargo mai ninki huɗu ko katifa. Iskar da ke cikin ƙwarya ita ce ke ba ta murya, in tsumma ya cinye wurin iskar murya ta mutu. Bargon kuma shi ne zai raba ta da ƙasa. Kan sandunan ki naɗe su da robar cikin tayar keke ko ƙyalle. Da haka hannunki zai saba da ƙwanƙwan ƙwarya da santsinta, alhali abin da ke fita bai fi ƙarar yankan kuɓewa ba.

Wurin zama ma da lura. Kada ki jingina da bangon da kuka haɗa da malam, ki zauna a tsakiyar ɗaki ko ta wajen bangon da ke kallon tsakar gida. In kina da zaɓi tsakanin ɗakin ƙasa mai azara da ɗakin bulo mai kwano, ɗauki na ƙasa, kaurin bangonsa yana shanye amo, kwano kuwa ƙara masa yake yi. Ɗaki mai gado da katifa da labulaye da kaya ya fi wanda ba komai a ciki.

KOMAI DA LOKACINSA

Ko ƙaramar ƙara ce, da tsakar dare babba ce. Don haka ki nemi lokacin da gari ke da hayaniyarsa. Da hantsi, maza sun tafi gona ko fadama, yara suna makaranta, ana daka a kowane gida, wannan shi ne lokacinki. Haka in injin niƙan unguwa ya tashi, ko maƙwabta sun tayar da janareta, ko ranar kasuwa da gari ya watse. Da damina kuwa in ruwa ya sauko a kan kwano, ke dai Allah Ya ba ki, ko kusa da ke ba mai ji.

Lokutan da za ki nisanta kuwa su ne lokacin kiran salla da salla, da lokacin da almajiran malam ke karatu da asuba da bayan magariba, da lokacin da Inna ke ɗan kishingiɗawa bayan azahar. In akwai mara lafiya a gida ko an yi rasuwa a unguwa, ki ajiye har filon ma, ki koma na baki. Haƙƙin maƙwabtaka ya fi kiɗa.

In za ki saurari kiɗan su Barmani a waya don ki kama salo, ki sa iyafis, amma kunne ɗaya, ɗayan ki bar shi yana jin kukan yaro da sallamar baƙo. Kada kuma ki ƙure murya, kunnen nan shi ne jarinki.

MUTANEN GIDA

Gaskiyar magana, tsumma da bargo ba su ne za su rufa miki asiri ba, mutanen gidan ne. Abin da kunne bai ji ba baki yana iya kai shi. Don haka ki fara da uwar mijinki, kuma ya fi kyau ɗanta ya riga ki yi mata magana. Bayan nan ki sami lokacin da take cikin nishaɗi, ki je da ɗan goronki ki durƙusa ki ce, "Inna, wata shawara ce na zo da ita, in kin ga da kyau in yi, in kin ga babu kyau in bari." Tsohuwa in aka ba ta girmanta ita ce za ta tare miki faɗa. Kada ki yi mamaki ma in ta gyara zama ta fara tuno miki waƙoƙin da aka yi ranar nata bikin.

Facaloli kuma ki jawo su jiki. Kiɗan ƙwarya dama ba na mutum ɗaya ba ne, ana bukatar mai babbar ƙwarya, da masu ƙanana, da 'yan amshi. Ki ce, "Yaya, ke fa Allah Ya ba ki murya, in abin nan ya yiwu ai tare za mu ci." Wadda ke da rabo a cikin tukunya ba ta zuba mata ƙasa. Matar malam ma ki shiga ki gaishe ta, ki ce don Allah in ta taɓa jin wani motsi da ya dame su ta gaya miki ke da kanki.

Sannan ga dabarar da ta fi duka. Ranar da kika shirya ƙwaryarki mai ciki, ki ce wa maigida, "Malam, don Allah ɗan tsaya a zaure ka saurara mini, in ka ji wani abu ka faɗa mini in gyara." Ki buga iyakar yadda za ki riƙa bugawa. In ya dawo ya ce bai ji komai ba, to ya zama shaidarki, gobe ko wani ya kawo masa tsegumi ya san abin da kunnensa ya jiye masa. Namiji yana son a nuna masa cewa maganarsa tana da nauyi.

RANAR SAKIN HANNU

Sai dai fa filo da silifas ba za su mai da ke makaɗiya su kaɗai ba. Wadda ta saba da bugun ɓoye, in ta zauna gaban ƙwaryar gaske sai hannunta ya riƙa noƙewa, kiɗan ya fito ba rai. Don haka ki nemi izini ko sau ɗaya a mako ki je gidan tsohuwar nan, inda kowa ya san ana kiɗa ba mai cewa komai, ki saki hannunki. A can za ki koyi kifa ƙwarya a kan ruwa a cikin daro, ki ji yadda babba ke ba da murya mai kauri ƙarama ke ba da siririya, da yadda amo ke canzawa in an rage ko an ƙara iskar da ke ƙarƙashinta. Kada ki je hannu rabbana, ki riƙa tafe da ɗan sabulu ko goro ko abin cefane, ki taya ta aiki, ki bi ta gidan biki kina ɗaukar mata kaya kina amshi. In ta yarda ki ɗauki kiɗanta da waƙoƙinta a waya, ki tambaye ta sunan kowane kiɗa da lokacin da ake yinsa, ki rubuta a littafi. Abin da ke kan tsohuwar nan babu shi a kanti, in ta tafi da shi ya tafi ke nan.

IN HANNU YA FAƊA

Ranar da aka fara kiranki gidan suna, ga amanata gare ki. Taron mata zalla, kuma magariba ta yi miki a ɗakinki. Ban da batsa, ban da zambo. Na san kiɗan amada ya yi suna wajen habaicin kishiya, mata kuma suna liƙi a kansa kamar ba gobe, amma ke a ƙaramin gari kike, wadda kika yi wa habaici yau gobe a rijiya za ku haɗu, wataƙila ma 'yar uwar mijinki ce. Kada ki bari wata ta ba ki kuɗi ta mai da ƙwaryarki bindiga. Ki yabi amarya, ki yi wa mai jego barka, ki yi wa jariri addu'a, ki ja hankalin mata su kama sana'a. Abin da aka samu a raba da 'yan amshi a fili, ki cire na tsohuwa, ki zuba adashi, maigida ma a ajiye masa na goro.

Kada kuma DJ ya ba ki tsoro. Shi sai da janareta da mai, ga ƙarar da ke hana unguwa barci, ga samari suna kutsawa cikin mata. Na'urarsa ba ta san sunan amarya ba, ba ta san kakarta ba, ba ta san wace ce ta sha wahalar rainonta ba. Ke kin sani, kuma ranar da kika ambaci sunan uwar amarya a cikin waƙa kika ga ta share hawaye da bakin mayafi, za ki gane abin da ya sa har gobe ake neman mai ƙwarya.

Ku kuma iyayen gida maza masu leƙen filinmu a ɓoye, mun san kuna karantawa. In matarka ta zo maka da magana irin wannan a fili, ba ta ɓoye maka ba, to ka san ka yi dace. Ka saurare ta, ka kafa sharaɗinka, in ta cika kai ma ka cika.

A nan zan dakata sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, inda za mu duba wasiƙun da suka taru a kan zaman gidan haya da rikicin yara. Masu shantu a ƙarƙashin gado kuma ku rubuto mu ji, ko akwai wadda har yanzu ta iya. Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Ku huta lafiya.

Taku har kullum.